Toshewar hanji bayan aikin kansar tumbi: a sa raga ta baki, ko a sake buɗe ciki?

Wanda aka yanke wa tumbi saboda kansa, idan amai ya dawo masa bayan wata takwas ko shekara guda, ba abin da iyalinsa suke gudun ji kamar a ce za a sake shiga da shi tiyata. Sun ga irin wuyar da ya sha a karon farko, sun kuma san abin da aka sayar kafin a biya. To da likita ya ambaci wata hanya da ake zura kyamara ta baki a buɗe wurin ba wuƙa, sai kowa ya ce ai ita za a yi. Hanyar tana nan, kuma in ta dace da mutum, cikin kwana biyu za a ga ya sha kunu ya zauna masa. Sai dai toshewa iri-iri ce, kyamara kuwa wasu daga ciki kawai take iya wa. Akwai toshewar da in aka tsaya jiran raga, wato bututun waya da ake sawa ta baki ya buɗe hanyar, hanji zai ruɓe kafin ta iso.

## Abin da za ku auna

Na farko, wanda ya fi sauran nauyi: me ya toshe hanjin? Ko dai ɗinkin da aka haɗa ragowar tumbi da hanji ne ya yi tabo ya tsuke, ko hanji ne ya manne da juna sanadiyyar tsohon aikin, ko ya zura cikin wata kafa da aikin ya bari ya murɗe, ko kuma kansar ce ta dawo. Wani lokaci ma curin abinci mai zare ne da ragowar tumbin ta kasa niƙawa. Idan kansa ce, sai a sake tambaya: a wuri ɗaya ta fito, ko ta bazu a tantanin da ya lulluɓe hanji ta kama shi a wurare da yawa? Hoton CT na ciki ne ke ba da mafi yawan wannan amsa. Duk shawarar da aka yanke kafin a yi shi, laluben duhu ne.

Na biyu, wane irin haɗi aka yi a aikin farko? Ku nemo takardar aikin, za ku ga ɗaya daga cikin sunaye uku. Billroth I na nufin an ɗinke ragowar tumbi kai tsaye da farkon hanji, hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, kyamara tana kai wa ba wahala. (Sunan Theodor Billroth ne, likitan da ya fara cin nasarar yanke tumbi mai kansa a Biyana a 1881.) A Billroth II da Roux-en-Y kuwa hanji ya zama reshe biyu: ɗaya yana kawo ruwan maɗaciya da na fankiriyas (gaɓar da ke bayan tumbi mai zubo ruwan narkar da abinci), ɗaya yana tafiya da abinci. Kowanne yana iya toshewa shi kaɗai, kuma alamunsu sun bambanta. In reshen abinci ne, mutum zai riƙa aman abin da ya ci. In reshen ɗaci ne ya tsuke, ciki zai ɗaure bayan cin abinci, can sai ya kwara aman kore shar mai yawa, ya ji sakayau. In kuwa ya rufe ruf, koren ma ba zai fito ba. Ruwan da hanta da fankiriyas suke zubarwa ya haura lita guda a yini, duk zai taru a wuri rufaffe, ido ya yi shawara, zazzaɓi ya rufe shi. Wannan ba ya jiran gobe.

Sauran ma'aunan sun fi sauƙin faɗa: ƙarfin jikin majinyaci, ko yana tashi ya yi alwala da kansa ko sai an ɗaga shi, tsawon lokacin da likitan kansa yake sa ran cutar za ta bari, makonni ko watanni masu yawa, saurin komawa cin abinci, ɗorewar gyaran, haɗarinsa, sai kuɗi, wanda ya haɗa da kuɗin gyara in abin ya sake lalacewa.

## Robar hanci da ƙarin ruwa

Da wannan ake farawa kusan ga kowa. A hana ci da sha, a zura roba ta hanci tana tsotso abin da ya taru, a ɗaura ruwa, a gyara gishirin jini da amai ya kwashe. Idan mannewar hanji ce, mafi yawa suna warwarewa da haka ba a yi komai ba. Sau da yawa akan ba da Gastrografin, wani ruwa da ke fitowa a hoton eksire, ta robar, a ɗauki hoto. In ya kai babban hanji cikin awa 24, alama ce hanya za ta buɗe da kanta. Ƙa'idar da likitocin tiyata suke bi ita ce kada jiran ya wuce kwana uku. Haka nan kumburin ɗinki a makonnin farko bayan aiki, shi ma yawanci haƙuri yake so ba raga ba. Arha ce, ana yin ta a kowane babban asibiti, amma ba ta warkar da tabo kuma ba ta kawar da kansa.

## Buɗe tabo da balan-balan

Wannan ta tsukewar ɗinki ce da ba kansa a ciki. Takan bayyana a watannin farko bayan aiki, musamman ga wanda aka cire wa tumbi gaba ɗaya aka haɗa hanyar abinci da hanji. Kaurin kyamarar da ake leƙa tumbi da ita kusan milimita 9 zuwa 10 ne; in ta kasa wucewa ta ɗinkin, ka san loma ba za ta wuce ba. Likita zai zura balan-balan a sace ta cikin kyamarar, ya daidaita shi a tsakiyar tsukewar, ya cika shi da ruwa a hankali, ya riƙe minti ɗaya ko biyu, ya sace. Ba a kai wa ƙarshe a zama ɗaya. Yau a tsaya a milimita 12, bayan mako ɗaya ko biyu a kai 15, wataƙila daga baya 18. Gaggawa ce ke yaga hanji.

Mutum yana iya komawa gida a ranar, ya sha ruwa-ruwa da yamma. Ba a barin komai a jiki, kuma in tabon gajere ne, gyaran yakan ɗore. Kuɗin zama ɗaya bai kai na raga ba, amma ku yi lissafin zama biyu zuwa uku, har da kuɗin mota in daga nesa kuke. Abu ɗaya da ya kamata ku tabbatar an yi: a gutsuro nama daga wurin a kai gwaji. Kansar tumbi tana iya dawowa ta ƙarƙashin fatar ɗinki, sama-sama ta yi kama da tabo. Tsukewar da aka buɗa sau uku tana komawa, a sake duba ta. In kuwa kansa ce tun asali, balan-balan ɓata kuɗi ne, kwanaki kaɗan za ta sake rufewa.

## Ragar ƙarfe

Ita ce abin da akasari ake nufi in an ce za a bi ta baki. Likitoci suna ce mata sitent. Bututu ne da aka saƙa da siririyar wayar ƙarfe, haɗin nikel da titaniyom, tana zuwa a matse cikin kube. Ana ba majinyaci allurar barci, a zura kyamara har bakin toshewar, a lallaɓa wata waya mai laushi ta ratsa ƙofar da ta rage, ana kallo a hoton eksire mai motsi. Daga nan a bi wayar da ragar, a janye kuben, ita kuma ta buɗe da kanta ta tokare ƙarin gefe. Faɗinta yakan kai milimita 20 zuwa 22, tsawo santimita 6 zuwa 12, kuma sai bayan kwana ɗaya ko biyu take gama buɗewa. Wuyar aikin duka a wayar farko take: in ta wuce, an gama rabi; in hanji ya yi lanƙwasa mai tsini bayan Roux-en-Y, gwani ma yakan sha fama.

Saurinta ba ya da na biyu. A toshewar mafitar tumbi da kansa ta jawo, ana samun nasarar dasa ta ga sama da kashi 90 cikin ɗari, kuma kashi 80 zuwa 90 suna komawa cin wani abu, galibi cikin kwana ɗaya zuwa uku. Ga wanda aka riga aka yi wa aiki, hanyar ta fi karkace, don haka kada a ɗauki waɗannan alƙaluman a matsayin alƙawari. Mafi yawan gogewa a kan irin wannan majinyaci daga Koriya ta Kudu da Japan take, inda cutar ta yi yawa har gwamnati take tantance jama'a. Wata fa'idar da ba a cika faɗa ba: ba rauni, don haka allurar kansa ba ta jira dogon lokaci.

Rauninta ɗorewa. Raga iri biyu ce: mai riga, wato wadda aka lulluɓe da siririyar roba, da marar riga. Marar riga tana kama nama ta zauna daram, amma ƙari yana tsirowa ta cikin idanunta ya sake cike hanyar. Mai riga tana hana wannan, amma santsi gare ta, takan zame ta yi gaba. Kowacce ka ɗauka, ka bar matsala ɗaya ka rungumi ɗaya. Watanni take yi ba shekaru ba, kuma wanda Allah ya ja kwanansa yakan buƙaci a sa wata a cikin ta farko. Marar riga in ta shiga ta shiga ke nan, nama yana cinye ta, shi ya sa ba a sa wa mai tabo kawai. Ga tabon da ya gagari balan-balan, mai cikakkiyar riga ake sa wa na 'yan makonni a cire.

Haɗarin fashewar hanji da zubar jini kaɗan ne amma yana nan. Ku gaya wa likita in majinyaci yana shan maganin tsinka jini irin su warfarin da clopidogrel, ko yana karɓar allurar kansa ta ramucirumab ko bevacizumab, domin waɗannan biyun suna ƙara haɗarin hujewar hanji.

Sai batun abinci, wanda a gida ake cin nasara ko a faɗi. Raga ba ta motsi irin na hanji, abin da ya shiga sai dai ya zurara. Kunu, koko, fura mai ruwa da aka dama sosai, ƙwai, kifi, tuwo mai laushi da miya isasshiya, a ci kaɗan-kaɗan a zaune, a bi da ruwa. Kilishi, ganda, nama mai jijiya, kwaɗon rama da zogale, mangwaro mai zare, abarba, rake, totuwar lemo, duk a haƙura. Masu zuwa dubiya da ledar tsire su ne suka fi bukatar jin wannan.

Kuma ga iyakarta babba: wuri ɗaya take buɗewa. In CT ya nuna hanji a kame a wurare uku, ga ruwa ya taru a ciki, za a iya dasa ragar lafiya lau, hoto ya yi kyau, amai ya ci gaba, domin ƙasa da ita akwai wata toshewar da kyamara ba ta kai wa.

## Sabuwar ƙofa daga ciki

Wannan ita ce sabuwar hanya, wajen 2015 aka fara ba da rahoton yin ta ga mutane. Kyamarar tana da na'urar sikanin a bakinta, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Likita yana cikin ragowar tumbi yana hango hanjin da ke maƙwabtaka da shi ta bayan bango, sai ya huda bangon biyu ya sa wata gajeriyar raga mai siffar kalangu, baki biyu masu faɗi, tsakiya a tsuke, ta riƙe tumbi da hanji a manne. An kewaye ƙarin ke nan ba a taɓa shi ba, don haka ba ya da yadda zai tsiro cikinta da wuri. AXIOS ta kamfanin Boston Scientific ita ce ta fi shahara, faɗinta milimita 15 ko 20.

Wani gwaji da likitocin Hong Kong suka jagoranta, aka buga a 2024, ya kwatanta ta da ragar gargajiya marar riga: cikin wata shida, kashi 4 ne suka buƙaci a sake taɓa su a ɓangaren sabuwar ƙofa, ɓangaren raga kuwa kashi 29. Ga toshewar reshen ɗaci ma ta dace ƙwarai, domin reshen ya kumbura ya cika da ruwa, hango shi ba wuya.

Da ina da zaɓi kuma ga gwani, ita zan fi karkata gare ta. Amma sharuɗɗanta da yawa. Dole hanjin ya kasance kusa da bangon tumbi, ruwa bai cika ciki ba, kuma ga wanda ba shi da ragowar tumbi aikin ya ƙara wuya. In ragar ta kuskure ta buɗe a fili tsakanin tumbi da hanji, ana iya ƙarewa a ɗakin tiyatar da ake gudu, cikin gaggawa kuma. Na'urar ta fi ragar gargajiya tsada nesa, masu iya aikin kuma ko a ƙasashen da suka ci gaba sai manyan cibiyoyi. Ku tambayi likitan kai tsaye sau nawa ya yi.

## Sake tiyata

Akwai inda ba ta da madadi. Hanjin da ya zura cikin kafa ya murɗe, abin da aka fi gani bayan Roux-en-Y idan mutum ya rame, jininsa ne yake yankewa. Ciwo mai tsanani da ba ya lafawa, ciki ya yi tauri, zuciya tana gudu, zazzaɓi: a nan awa ake lissafi. Haka mannewar da ta ƙi warwarewa bayan kwana uku. Labari mai daɗi shi ne waɗannan ba kansa ba ne, in an gyara an gyara.

Inda ake ja-in-ja shi ne kansar da ta dawo. Likita yana iya haɗa hanji sama da toshewar da wanda ke ƙasa da ita, ko ya yanke wurin, ko ya fito da hanji ta fatar ciki a riƙa sa jaka. Gwajin SUSTENT da aka yi a Holan, aka buga a 2010, ya nuna masu raga sun riga cin abinci, masu tiyata kuwa sun fi daɗewa ba su sake toshewa ba. Masu binciken suka ce wanda ake sa ran zai wuce wata biyu, tiyata ta fi masa. Ƙungiyar likitocin kyamarar ciki ta Amurka a 2021 ta sa iyakar a wata shida. Tazarar da ke tsakanin biyu da shida ta isa ta nuna muku cewa ba lissafin tebur ba ne, sai an dubi mutumin. Ciki da aka taɓa buɗewa, jiki a rame, sinadarin albumin na jini, mai nuna ƙoshin jiki, ya yi ƙasa: ɗinki yana iya yoyo, rauni ya ƙi warkewa, tumbi ya yi kwanaki bai fara aiki ba. Mako ɗaya zuwa biyu a gado ba abin mamaki ba ne.

Kan kuɗi kuwa akwai abin lura. A Turai raga takan fi arha domin kwanan asibiti ne ke cin kuɗi. A Kano ko Zariya ko Yamai lissafin yana iya juyewa: gado da hannun likita da kuɗin gida ake biya, raga kuwa daga waje take zuwa, farashinta yana bin dala, wani lokaci ma sai an yi oda. Kada ku ɗauka rashin yanka na nufin arha. Ku sa a rubuta muku kuɗin biyun.

## Idan buɗewa ba za ta yiwu ba

In kansa ta kama hanji ko'ina, abin da ya rage shi ne a kashe amai da ciwo. Octreotide yana rage ruwan da hanji yake zubarwa, Buscopan yana kwantar da murɗa, dexamethasone yana rage kumburi, morphine na ciwo. Mai ragowar tumbi ana iya sa masa roba ta fatar ciki da taimakon kyamara, a cire ta hanci. Zai sha shayi ko ruwan sanyi don daɗin baki, ya fita ta robar. Wanda ba tumbi, a Japan sun ɓullo da sa robar ta gefen wuya. Ga reshen ɗaci kuma ana iya huda ta hanta a zubar da ruwan cikin jaka a waje. Wannan ba yar da majinyaci ba ne, magani ne shi ma.

| Hanya | Ta fi dacewa da | Cin abinci | Ɗorewa | Babban haɗari | Kuɗi |
|---|---|---|---|---|---|
| Robar hanci | mannewa, kumburin ɗinki | in ta warware, kwanaki kaɗan | tana iya dawowa | jinkirta tiyatar da ta wajaba | kaɗan |
| Balan-balan | gajeren tabo | ranar ko kashegari | mai kyau, bayan zama 2 zuwa 3 | yagewa | matsakaici |
| Raga | kansa a wuri ɗaya | kwana 1 zuwa 3 | watanni | sake toshewa, zamewa | yana bin dala |
| Sabuwar ƙofa | wuri ɗaya, reshen ɗaci | kwana 1 zuwa 3 | ta fi raga | kuskuren dasawa | mafi tsada |
| Tiyata | murɗewa, mai ƙarfin jiki | mako ko fiye | mafi ɗorewa | yoyon ɗinki, ƙin warkewa | babba, da kwanan asibiti |
| Roba da magunguna | toshewa a wurare da yawa | kurɓa kawai | gwargwadon hali | yoyo, ƙwayar cuta a bakin roba | kaɗan zuwa matsakaici |

## Wa ya dace da wacce

Mai ciwo mai tsanani da ciki a ɗaure, ko CT ya nuna murɗewa: tiyata yau, a asibiti mafi kusa da ke da likitan fiɗa.

Wanda abinci yake tsaya wa a watannin farko bayan aiki, gwajin nama kuma ya fito ba kansa: balan-balan, da haƙurin komawa sau biyu ko uku.

Wanda kansa ta dawo masa a wuri ɗaya, jiki ya yi rauni, ko ana son a hanzarta ci gaba da allura: raga. In kuwa yana tafiya da ƙafarsa, ba ruwa a ciki, likitan kansa yana maganar watanni masu yawa, to a yi tunanin tiyata da gaske, ko sabuwar ƙofa in akwai gwani a hannu.

Mai ciwon shawara da zazzaɓi bayan Billroth II ko Roux-en-Y: a fara zubar da ruwan da ya taru ta kowace hanya ta samu a ranar, ko da ta hanta ce. Gyara mai ɗorewa ya biyo baya.

Wanda hanjinsa ya kamu a wurare da yawa: magunguna da roba, kuɗin ragar a ajiye don jinya.

Wanda aka yi wa aikin farko a Indiya ko Masar, ya toshe bayan ya dawo gida: kada a yi saurin sayen tikiti. Iskar da ke cikin hanji tana ƙara kumbura a sama, kamfanin jirgi ma zai nemi takardar likita. A sa robar hanci, a ɗaura ruwa, a yi CT a nan, a tura hoton da takardar aikin ga likitan can ya duba. In an yanke cewa can za a sa ragar, kafin a baro asibitin a karɓi sunanta da girmanta a rubuce, a kuma san asibitin da zai iya leƙa ta a gida ranar da ta toshe.